Takardar soja ta zo wa ɗana a Jamus, Mma ta ce a dawo mata da shi Kumasi

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame. Shekara goma sha tara na yi a Hambog kafin in dawo gida. Ɗana na fari can aka haife shi a 2008, yana da fasfon Jamus, yana hannun uwarsa yana koyon aikin wutar lantarki. Da ya cika shekara 18 sai ga takarda daga rundunar sojan Jamus, wai ya cike. Tun ranar da Mma ta ji ba ta runtsa ba, domin mahaifinta yaƙin Bama, can Asiya a yaƙin duniya na biyu, aka kai shi tana goye, bai dawo ba. Ta ce in dawo mata da jikanta kafin a ɗauke shi. Shi kuma yaron da na kira shi sai ya ce, "Baba, ni ko an tilasta mini ba zan riƙe bindiga in harbi mutum ba." Na faɗa a majalisarmu, wasu suka ce Turawa sun mayar da shi matsoraci, na ji kunya ƙwarai. Wani aboki kuma ya ce ya san likitan da zai rubuta mana takardar ciwon zuciya, mu aika, magana ta ƙare. Malam, in dawo da shi, ko in karɓi takardar likitan?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Mma lafiya, ya sanyaya mata zuciya.

Kafin komai ka kwantar da hankalinka, takardar da ta zo wa yaronka ba sammacin shiga soja ba ce. Jamus ta dakatar da aikin soja na dole tun ranar 1 ga Yuli 2011, bayan ta shafe sama da shekara hamsin tana ɗibar samari. Kana Hambog a wani ɓangare na waɗannan shekarun, wataƙila ka ga 'ya'yan maƙwabtanka Jamusawa suna tafiya bariki da jakunkunansu. Abin da ya taso da maganar yanzu shi ne yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022. Hankalin ƙasashen Turai ya tashi, Jamus ta ƙirga sojojinta ta ga dubu 180 ne da 'yan kai, alhali tana son su kai dubu 260 nan da 2035. Sai majalisar dokokinta ta yi sabuwar doka a Disamban 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Dokar ta ce duk ɗan ƙasar da aka haifa daga 2008 zuwa gaba, in ya cika 18, a aika masa tambayoyi: tsawonsa, nauyinsa, karatunsa, lafiyarsa, da ko yana da sha'awar aikin soja. Namiji dole ya amsa, mace in ta ga dama. Bayan wannan akwai gwajin lafiya, shi ma wajibi ne ga maza, an tsara zai game kowa daga tsakiyar 2027. Sa kaki kuwa, a wannan dokar, sai wanda ya ce yana so. Idan wata rana masu so suka gaza, sai majalisa ta sake zama ta yi wata doka dabam kafin a tilasta wa wani.

Saboda haka aikin farko mai sauƙi ne. Ya amsa tambayoyin kafin wa'adin da aka rubuta a jikin takardar ya wuce, ya faɗi gaskiya, inda aka tambaye shi sha'awa ya ce babu. Wanda ya jefa takardar ƙarƙashin katifa ya yi shiru, shi ne ke jawo wa kansa tara.

Maganar likitan abokinka kuwa, Alhaji, ka rufe ta yau, kada ka bari ta kwana. Ka zauna da mutanen nan shekara goma sha tara, ka san yadda suke da takarda. Gwajin da za a yi wa yaron likitocinsu ne za su yi da na'urorinsu. Za su ɗora masa wayoyi a ƙirji, zuciyar da aka rubuta tana ciwo ta buga musu lafiya lau, sai a juyo a tambaye shi daga ina wannan takarda ta fito. Amfani da takardar lafiya ta jabu laifi ne a dokar Jamus, kuma wanda ya miƙa ta shi za a tuhuma, kai da likitan kuna nan Kumasi. Yaro ɗan shekara 18, baƙar fata, mai suna irin namu, ka san ba a yi masa sassauci irin wanda ake yi wa wasu. Sannan ka je ka gaya wa Mma za a rubuta wa jikanta lafiyayye ciwon zuciya, ka ji abin da za ta ce. Tsofaffinmu ba su yarda a kira wa yaro cuta ko da wasa.

Abin da ya fi damuna da shawarar nan shi ne yaronka ya zo maka da gaskiya, ana so a karɓe ta a ba shi ƙarya a madadinta. Ga shi kuwa gaskiyar tasa tana da wurin zama a dokar ƙasar da yake ciki. Kundin tsarin mulkin Jamus na 1949, sashe na 4 sakin layi na 3, ya ce ba za a tilasta wa kowa aikin yaƙi da makami ba matuƙar lamirinsa bai yarda ba, wato abin da zuciyarsa ta yi imani da shi. Sun sa wannan ne saboda abin da suka gani da idonsu. A zamanin Hitila kisa ne hukuncin wanda ya ƙi zuwa yaƙi. An sare kan wani manomi ɗan Ostiriya, Franz Jägerstätter, a 1943 a kan wannan, an kashe Shaidun Jehobah masu yawa a kan wannan. Waɗanda suka rubuta kundin bayan yaƙi sun ɗora wannan haƙƙin can kusa da farkon littafin, tare da 'yancin addini, tun ƙasar ba ta ma sake kafa runduna ba.

Hanyar nema a rubuce take. Mutum zai rubuta buƙata ya ambaci wancan sashen, ya haɗa da tarihin rayuwarsa, sannan ya rubuta dalilinsa da kalmomin bakinsa: yaushe wannan tunani ya shige shi, me ya gani, me ya karanta, wa ya rene shi a kai. Wani ofishin farar hula da ke birnin Kolon ne ke yanke hukunci, ba hafsoshi ba. Kuma akwai ƙungiyoyi da majami'u a manyan biranen Jamus da ke ba matasa shawara a kan wannan kyauta. Ya je wurinsu kafin ya rubuta komai, su duba masa ko yanzu ya kamata ya nema ko ya dakata, tunda babu wanda ya kira shi bariki tukuna.

Akwai wani lungu a dokar da ya kamata ku sani ku biyun. Tun 1960 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke cewa haƙƙin nan na wanda ya ƙi kashe mutum a yaƙi ne gaba ɗaya. Wanda ya ce wancan yaƙin zan je, wannan ba zan je ba, ko ya ce ba zan harbi Musulmi ba amma zan harbi wanda ba Musulmi ba, bai shiga ciki ba. Don haka idan ka kira shi, ka tambaye shi da kyau, a natse, ba da muryar tuhuma ba. Ko wane ne a gabanka ba za ka harba ba? In ɓarayi suka shigo wa uwarka da dare fa? Me ya bambanta wannan da filin daga a wurinka? Tambayoyin nan suna da nauyi, kuma gara ya fara jin su daga bakin ubansa. In ya amsa ka ji maganar ta zauna masa a ciki, ka tsaya a bayansa. In ka ji tsoro ne kawai irin na kowane yaro da ya ga hotunan yaƙi a waya, wannan ma ba abin kunya ba ne, amma sai ka ce masa kada ya rantse a kan abin da bai tabbatar ba. Ya ce ba shi da sha'awa, ya tsaya nan. Abu ɗaya ne ba naka ba: rubuta masa dalilin. Ba naka ba ne, ba na uwarsa ba, ba na limamin masallacinsu ba. Mai karanta irin waɗannan takardu kullum yana gane muryar dattijo a bakin yaro.

Yanzu ga 'yan majalisa da suka ce matsoraci ne.

Ka tambaye su wanda hotonsa ke manne a shagunan aski na zango tun muna yara. Muhammad Ali ya zo ƙasar nan a 1964, ya ga Nkrumah a Akra, ya iso har Kumasi jama'a suka yi dafifi a kansa. Shekara uku bayan nan, ranar 28 ga Afrilun 1967, aka kira sunansa a ofishin ɗaukar soja a Amurka ana cikin yaƙin Biyetnam, ya ƙi takowa gaba. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala dubu goma, ya yi shekara uku da rabi bai hau dandalin dambe ba a lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya. Sai a 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin. Jaridun ƙasarsa sun kira shi matsoraci, kalmar da aka faɗa maka. Bai tsere Kanada ba kamar yadda dubban samari suka yi, bai nemi takardar likita ba, ya tsaya ya faɗi sunan abin da ya ƙi, ya biya farashinsa.

A namu tarihin ma akwai. Lokacin fitinar da ta auku tsakanin Musulmi bayan kisan Sayyidina Usman, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya janye hannunsa, mutumin da ya jagoranci rundunar Ƙadisiyya. Abdullahi ɗan Umar ya janye, Usama ɗan Zaid ya janye. Ban kawo su don in ce halinsu ɗaya da na yaronka ba, su sun yi yaƙi a wasu wuraren. Na kawo su ne don a san cewa tsoron zubar da jinin da ba a tabbatar da halaccinsa ba tsohon abu ne a addinin nan, kuma manyan jarumai ne suka fara jin sa.

Kada kuma ka ɗauka ina raina soja. A 1994, da ake yanka mutane a Ruwanda ƙasashe suna kwashe dakarunsu, Janar Henry Anyidoho da sojojin Gana suka zauna, mutane da yawa suna raye yau saboda zaman nan. 'Ya'yan zango nawa ne suka je Labanon suka dawo suka gina wa iyayensu ɗaki? Da yaronka cewa ya yi yana son kaki, da na ce ka sa masa albarka. Amma bai ce haka ba, kuma bindiga ba abin da ake danƙa wa mutum ba ne don a rufe bakin 'yan majalisa.

Abin da nake so ka kai musu shi ne wannan. A shekarun da Jamus ke ɗaukar soja dole, wanda aka amince da ƙin nasa ba gida yake komawa ya kwanta ba. Tun 1961 akwai hidimar farar hula a madadin bariki, suna kiranta Zivildienst, kuma shekaru da yawa ta fi aikin sojan tsawo, don a gwada ko da gaske mutum yake. Samarin nan su ne ke tura gadon marasa lafiya a asibiti, su ɗauki wanda ya faɗi a motar ɗaukar majinyata, su kai wa tsofaffi abinci gida-gida, su yi wa tsohon da ba ubansu ba wanka su canza masa zanen gado da ya ɓata. Har yau haka ake yi a Ostiriya, soja wata shida, hidimar farar hula wata tara. A Koriya ta Kudu wata 36 ake yi ana aiki a gidan yari. Ka dubi mazauna majalisarku ɗaya bayan ɗaya, ka ƙirga nawa ne za su iya wanke tsohon da ba su sani ba har wata tara. Mu a zango mun san darajar irin wannan aiki. In aka yi rasuwa a Aboabo, waɗanda ke tashi su tafi Tafo haƙa kabari cikin rana, da waɗanda ke shiga ɗaki su yi wa mamaci wanka, ba wanda ya taɓa kiransu ragwaye.

Da aka dakatar da aikin dole a 2011, aka buɗe hidimar sa-kai ta tarayya a gurbin waccan, kuma akwai shekarar hidimar jama'a ta matasa da ta girme ta. Ni da ɗana ne, da na ce masa in ya gama koyon sana'arsa ya ba da wata shida ko shekara a gidan tsofaffi ko wurin masu ɗaukar majinyata. Ƙasar da ta haife shi a asibitinta, ta karantar da shi kyauta, tana da haƙƙi a kansa. Ya ce ba zai biya da bindiga ba, to ya biya da hannunsa da bayansa. Wannan kuma zai nuna masa, shi kansa, ko maganar da ya faɗa maka tana da saiwa.

Dawo da shi Kumasi fa? Aikin wutar lantarki a can shekara uku da rabi ake koyonsa, a ƙarshe a ba mutum takardar da zai ci abinci da ita duk inda ya shiga a duniya. Ka cire shi a tsakiya, ya zo ya zauna maka a shago a Suame da Hausar da ba ta nuna ba da Turancin makaranta, saboda wata takardar tambayoyi. Sannan an gudu ba a tsira ba. Gaskiya ne Gana ba ta ɗaukar soja dole, amma tana da nata bashin a kan 'ya'yanta. Tun 1973, zamanin Acheampong, aka kafa bautar ƙasa, wadda yaranmu ke kira sabis. Dokar 1980 ta mayar da ita shekara biyu har da tanadin horon soja na wata shida, daga baya aka dawo da ita shekara ɗaya. Duk ɗan Gana da ya gama jami'a ko kwaleji sai ya yi, in ba haka ba aikin gwamnati ya fi ƙarfinsa. A Fabrairun 2025 kuma Shugaba Mahama ya tsaya gaban majalisa ya ce za a shigar da gajeren horon soja cikin sabis ɗin. Ka ga yaron da ka gudo da shi daga takarda yana iya tarar da fareti a gida. Ni na yi nawa sabis ɗin ina koyarwa a wani ƙauye bayan Yendi, babu wuta, ruwa sai an je rafi, alawus yana makara wata biyu har uku, kuma har gobe ina ganin shekarun nan ne suka koya mini mutane.

In akwai yaƙin Turai da ya kamata iyayen zango su hana idonsu barci a kansa, to shi ne wanda dillalai ke kai yaranmu. A yi wa saurayi alkawarin aikin gadi ko noma a Rasha, ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, sai ya tsinci kansa a ramin yaƙi a Yukren. 'Yan Gana sun faɗa wannan tarkon, wasu ba su dawo ba. Ka faɗa a majalisar, akwai mai ƙane ko ɗa da ke neman hanyar fita.

Saura Mma, kuma ita ce ta fi cancantar a yi mata a hankali. Kada ka ce mata tsoronta ba shi da tushe. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta kwashi dubun-dubatar samari daga ƙasar nan, da yawansu 'yan arewa da 'yan zango, har Hausa ce harshen bariki. Wasu da kansu suka je, wasu sarakuna aka ɗora wa adadi suka kawo su. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su aka tura dazukan Bama, ƙasar da ake kira Miyanma yau, suka yi yaƙi da Japanawa cikin ruwan sama da zazzaɓi. Sunan Burma Camp a Akra daga nan ya samo asali. Waɗanda suka dawo ma ba su sami abin da aka yi musu alkawari ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka yi jerin gwano za su kai kuka fadar gwamna a Osu, aka buɗe musu wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Wannan ita ce takardar Bature da Mma ta sani: ta zo, uba ya tafi, uwa ta ƙarasa reno ita kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ka zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, lokacin da gida ya yi shiru. Ka ce mata mahaifinta ba wanda ya tambaye shi ko yana so, jikanta kuwa tambayarsa aka yi, ya ce a'a, kuma dokar ƙasar ta ba shi wannan bakin. Kada ka yi mata rantsuwar cewa dokar ba za ta taɓa canzawa ba, wannan ba a hannunka yake ba. Ka ce mata ko ta canza, akwai ƙofar da aka bar wa irinsa, kuma asibiti ko gidan tsofaffi take kaiwa. Sannan ka kira yaron ta bidiyo ka ba ta wayar, ka fita ka bar su. Ka ce masa tun kafin nan ya maimaita mata maganar da ya faɗa maka, da Hausarsa yadda ta samu.

In ya sami hutu wajen babbar Sallah, ka saya masa tikitin zuwa da komawa, ya fara tambayar ofishin da ya aiko takardar ko akwai abin da ake bukata kafin tafiya. Ka kai shi tsohon sansanin sojan Kumasi da ke Adum, wanda ya zama gidan tarihi, inda aka ajiye kayan sojan Bama da hotunansu, ya duba fuskokin. Da yamma ya zauna a tabarmar Mma ta gaya masa sunan mahaifinta, da garin da ya fito, da abin da uwarta ta ce ya faɗa ranar da zai tafi.